Jemage da Amsa-kuwwa: Amsoshin Tambayoyinku

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto yana cewa: "Malam, na ji a wani shirin rediyo an ce da wani mutum makaho ne kamar jemage. Karin maganar Hausa ce?"

A'a, ɗana. Maganar Turawan Ingila ce aka cicciɓo aka dire mana, kuma wannan ɗabi'a ta fassarar kalma da kalma tana damuna ƙwarai. Bahaushe yana da abin faɗa kan jemage, amma kan ratayarsa kai ƙasa ne, da zamansa tsakanin tsuntsu da dabba. Ban da haka, maganar ba gaskiya ba ce, domin babu jemagen da ba ya gani. Manyan nan masu cika bishiyar maɗaci da rana, irin waɗanda suka yi suna a kusa da asibitin sojoji na 37 a Akara, da ido da hanci suke neman 'ya'yan itace. Ƙananan da ke kwana cikin silin suna fitowa da magariba su ne masu farautar ƙwari da kunne.

Ga yadda abin yake. Jemage yana yin tsuwa mai tsananin kaifi ta baki, wasu kuma ta hanci. Kunnen ɗan Adam ba ya kama sautin da kaɗawarsa ta wuce 20,000 a daƙiƙa, alhali tsuwar jemagu da yawa ta zarce haka, har akwai masu haura 100,000. Sautin ya tafi ya bugi sauro ko shinge, ya dawo. Sauti yana gudun kimanin mita 340 a daƙiƙa, don haka ƙwaron da ke nisan mita 2 amsarsa kan iso cikin kusan kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa. Daga wannan ɗan jinkiri jemage yake gane nisa. Daga kunnen da amsar ta fi ƙarfi a cikinsa yake gane dama ko hagu. Yayin da yake shawagi yana lalube, tsuwa 10 ko makamancin haka yake yi a daƙiƙa. Da ya ji ƙwaro sai ya ƙara sauri, kafin ya cafke shi tsuwar ta kai kusan 200 a daƙiƙa. Kuma don kada ƙarar kansa ta kurmantar da shi, akwai wata 'yar tsoka a cikin kunnensa da ke ɗamewa lokacin da yake tsuwar, ta saki kafin amsa ta dawo. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci.

Wata malamar firamare daga Damagaram ta ce: "Malam, me zan ce wa yara sunan wannan baiwa?"

Malama, ki ce gani da amsa-kuwwa, ko lalube da amsa-kuwwa. Duk yaron da ya taɓa leƙa rijiya ya yi ihu ya ji muryarsa ta dawo zai gane nan take. Ina roƙon ki koya musu rubuta kuwwa da w biyu. Kuwa mai w guda wata kalma ce dabam, ta "shi kuwa ya tafi", kuma na gaji da ganin an cakuɗa su a Facebook.

Wani kuma daga Kumasi ya tambaya ko jemage bai ƙaryata karin maganar nan ba, gani ya kori ji.

Bai ƙaryata ta ba. Jin da ke cikin wannan karin magana jin labari ne daga bakin wani, wato ƙila-wa-ƙala. Jemage kuwa ba a ba shi labari, shi ke aika muryarsa ya karɓi amsa da kunnensa. Ka tuna ji a Hausa faɗi gare shi: muna jin ƙamshi, muna jin zafi, muna jin Larabci.

Amma tambayar taka ta tuno mini da tarihin binciken. A shekarun 1790 wani masani ɗan Italiya, Lazzaro Spallanzani, ya ga jemagun da aka hana su gani suna tashi lafiya lau, ba sa karo da komai. Wani likita a birnin Janiba, a ƙasar Switzerland ta yau, mai suna Jurine ya toshe musu kunnuwa, sai suka dinga bugun abubuwa. Masanan zamanin suka ƙi yarda, domin su ba su jin wata ƙara. Sai a 1938 wani ɗalibi a jami'ar Harvard ta Amurka, Donald Griffin, ya saurari tsuwar da na'ura. Kusan shekara 150 ke nan gaskiya tana ajiye.

In kana son karin maganar da ta dace da wannan farauta, ɗauki in kunne ya ji, jiki ya tsira. Wasu nau'o'in faɗa-wuta suna da kunnuwa masu jin tsuwar jemage tun daga nesa. Idan yana da nisa sai su juya su canza hanya. Idan ya matso sai su naɗe fiffike su faɗo ƙasa.

Mai tambaya daga Marwa: jam'in jemage jemagu ne.

Daga Sakkwato an tambayi ma'anar a ce mutum jemage ne, ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi. Ana nufin wanda ba a san ɓangarensa ba, yau yana nan gobe yana can. A magana ya halatta. A ajin kimiyya kuwa kada ka rubuta haka, domin jemage haihuwa yake yi, yana shayar da ɗansa nono, kuma gashin jikinsa irin na dabba ne, ba irin na tsuntsu ba. Dabba ce mai fiffiken fata, kuma nau'o'insa sun haura 1,400.