Filin Masu Lambu: Baƙin Gindin Tumatir, Ajiyar Albasa da Kauɗa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da komi goma sha biyu na tumatir a bakin fadama. Ya yi 'ya'ya sosai, amma da sun fara ƙosawa sai gindinsu ya yi baƙi ya lotsa. Na yi feshi sau uku, shiru. Ko sharon ce? (Wani mai karatu daga Kura, jihar Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba sharon ba ce, ka daina zuba kuɗinka wajen masu maganin feshi. Sharon, tsutsar nan da ta gama da tumatirin Kadawa ta jihar Kano a 2016, cikin ganye take shiga ta cinye tsokarsa, ta bar tabo fari-fari kamar an babbake, sannan ta huda ɗan tumatirin, galibi ta wajen kara. Naka kuwa ba ƙwaro ba ne. Sinadarin kalsiyam ne bai kai gindin ɗan ba, kuma yawanci yana nan a cikin ƙasa, ruwan da zai ɗauko shi daga saiwa ne ke yankewa. Idan komi ya bushe ƙamas kwana biyar sannan aka zo aka malale shi, 'ya'yan da ke girma a wannan tsakanin su ne za ka gani da baƙin gindi bayan mako biyu.

Don haka gyaran yana wajen ban ruwa. Ƙasa mai yashi a shayar da ita duk bayan kwana biyu, mai laka bayan uku ko huɗu. Ka tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa biyu, in ka ji babu danshi, ranar ban ruwa ta yi. Ka shimfiɗa bambaron shinkafa a gindin shukar, kaurin santimita 5, zai riƙe danshi. Ka kuma janye hannu daga takin yuriya tunda ya fara 'ya'ya: ganyen da take tunzurawa shi ke ƙwace ruwan ya bar 'ya'yan. Noma da fartanya dab da gindi ma yana yanke saiwa, gara a cire ciyawar wurin da hannu.

Waɗanda suka riga suka kamu ba sa warkewa, a tsinke su. Dogon tumatir irin Roma ya fi saurin kamuwa, kuma zubin farko ne ya fi shan wahala, na bayansa kan fito lafiya idan ruwa ya daidaita.

Tambaya: Bara na ajiye albasa don ta yi tsada da damina, kafin wata biyu kusan rabi ta ruɓe. Ina kuskuren yake? (Daga Birnin Ƙonni, Nijar)

Amsa: Malam, ajiyar albasa tun a gona take lalacewa. Da yawa sukan shayar da ita har daren cira don ta yi nauyi, wannan kuwa albasar kai wa kasuwa ce gobe, ba ta rudu ba. Idan kusan rabin ganyen ya kwanta, a tsayar da ruwa kwana 10 zuwa 14 kafin cira. Taki kuma a daina shi tun da ta fara kai, don yuriyar ƙarshe tana sa wuya ya yi kauri ya ƙi rufewa, ta nan ruɓa ke shiga.

Bayan cira a jera ta, ganyen wannan layi ya rufe kan na gabansa kada rana ta dafa ta, har mako ɗaya ko biyu. Sai wuyan ya bushe sarai za a yanke, a bar santimita 3. A ware mai rauni, mai kaurin wuya da tagwaye, a fara ci ko sayar da su. Sauran a baza a rudu mai dandamalin da aka ɗaga daga ƙasa, iska na ratsawa ta ƙarƙashi, kada tarin ya wuce tsawon kamu ɗaya da rabi. Duk mako biyu a duba, hanci ma zai nuna maka wadda ta fara. Albasa 'yar Galmi ta Nijar tana jure ajiya, amma ko ita ba ta jure buhun leda.

Tambaya: Tumatir da kuɓewar lambun gidana sun fi ƙarfin tukunyata. Ina son kauɗa, amma marar yashi. (Wata uwargida daga Zariya)

Amsa: Hajiya, yashin daga shanya a ƙasa yake zuwa. Ki wanke nunannun tumatir masu tauri, ki raba biyu, ki barbaɗa gishiri kaɗan, ki jera a kan raga ko tabarma bisa tebur, yankan yana kallon sama. Ki lulluɓe da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙura, da magariba ki shigar ɗaki. Da ranar Fabrairu ko Maris kwana huɗu zuwa shida sun isa. In kin matsa babu laima, sai ki zuba a mazubi mai murfi. Kada ki yi mamakin ƙanƙancewarsa, kilo 10 da ƙyar zai ba ki kilo ɗaya.

Kuɓewa ki tsinke ta tana ɗanya shataf, wadda bakinta ke karyewa da yatsa, ki yanka sirara. Zogale da alayyafo kuma a inuwa ake shanya su, rana tana kashe musu launi.