Kaskon wuta a ɗakin mai jego

Ɗiyata, barka da arziki, Allah Ya raya mana. Kin tambaye ni ko ki bar uwar mijinki ta riƙa sa muku kaskon garwashi da turaren wuta ku kwana da shi, ke da jinjiri, tunda hunturu ya kama. A ɗumama ɗaki, wannan na yarda, amma kada wuta ta kwana da ku.

Iyayenmu ba wauta suka yi ba. Sanyi na saurin kama jariri, kuma sun sani. Sai dai ki duba ɗakin da suka yi jego a ciki: ginin ƙasa, rufin ciyawa, asabari a bakin ƙofa. Hayaƙi na ratsa jinka ya fice. Naki kuwa siminti ne da silin da tagar gilashi, kuma na san har tsumma kuke cusawa a ƙasan ƙofa saboda ƙura. Abin da ya tashi daga kaskon nan ba shi da mafita sai ƙirjinku.

In mutum ya ja numfashi, hanci ne ke fara tarbar iskar. Gashinsa da majina su tare ƙura, ya ɗumama ta, sannan ta gangara maƙogwaro. A ƙirji hanyar ta rabu biyu, dama da hagu, ta yi ta rarrabuwa cikin huhu kamar rassan bishiya, har ta ƙare a wasu 'yan jakunkuna da ido ba ya gani, ɗaruruwan miliyoyi a jikin babba. Fatarsu siririya ce ƙwarai, jini na zagaye da su. A nan jini ke ɗaukar iskar oksijin, ya sauke gurɓatacciyar a fitar da ita.

To gawayi in yana ci a rufaffen wuri, yana fitar da wata iska mai guba da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ko tari ba ta sa mutum. Jini kuma ya fi kama ta a kan oksijin fiye da sau 200. Sai ciwon kai, jiri, kasala, barci mai nauyi. Ita ce dai ke hallaka iyali guda in an kwana da janareto a cikin gida, gari ya waye a ce aljanu ne. Abin na ci mini rai, domin barin janareton a waje, nesa da ɗaki, kan raba mutum da wannan musiba.

Ɗanki ya fi ki shiga haɗari. Babba na numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, sabon haihuwa kuwa yakan kai 40 zuwa 60, ga hanyoyin iskarsa ƙanana, huhunsa bai gama ginuwa ba.

Saboda haka a hura gawayin a tsakar gida, a shigo da shi ɗan lokaci taga a buɗe, a fitar kafin ku kwanta. Turare kuma a turara kaya da ɗaki sa'ad da yaron ke wajen kakarsa. Ki sa masa hula da safa, ki riƙa rungume shi a ƙirjinki. In kin ga numfashinsa ya kai 60 ko ya wuce yana kwance lafiya lau ba kuka, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa sosai, ko ya ƙi kama nono, ku tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.

Ita kuma Hajiya kada ki yi musu da ita, ƙauna ce ta sa. Ki ce gwaggonki ce ta roƙa, ni ma zan kira ta bayan Magariba mu gaisa in yi mata bayani da bakina.