Abin da ya sa kundin Migration na Bonobo ke tayar da kewa

Ɗan'uwa, ka ce an tura maka kundin Migration na Bonobo, ka saurara cikin dare sai ka ji ƙirjinka ya yi nauyi har da ƙwalla, alhali yawancin kiɗan babu wata waƙa da za ka kama ma'anarta. Na ga wasu sun amsa maka da cewa ai kiɗan barci ne kawai, irin wanda ake kunnawa ana wani aikin. Ban yarda da su ba. Tun shekarar da kundin ya fito nake tare da shi, kuma abin da ka ji yana da dalili.

Sunan Bonobo na gaskiya Simon Green, ɗan Ingila ne da ya yi suna daga garin Brighton. Kamfanin Ninja Tune ne ya fitar da Migration a watan Janairun 2017, da kiɗa 12, tsawonsu ya ɗan haura awa guda. Kafin nan ya daɗe yana yawon wasa ƙasa-ƙasa bayan kundinsa na 2013, The North Borders, ya bar New York ya koma Los Angeles, sannan aka yi masa rasuwa a cikin danginsa na kusa. 'Yan'uwan duk sun warwatsu a duniya, sai a Brighton aka taru aka yi jana'iza. Shi da kansa ya bayyana cewa tambayar da ke cin ransa a lokacin ita ce ina ne gida, inda kake zaune ko inda ka fito. To duk wanda neman abinci ko karatu ya raba shi da garinsu ya san wannan tambaya, ko da bai taɓa furta ta ba.

Amma labarin mai kiɗa kaɗai ba ya sa mutum kuka, don kai ma ba ka san shi ba lokacin da abin ya taɓa ka. Sirrin yana cikin yadda aka gina sautin. Koma ka saurari kiɗan farko. Piyano ne ke buɗewa a hankali, makaɗin Ingila Jon Hopkins ne ya kaɗa shi, 'yan sautuka kaɗan suna ta maimaituwa. Can sai wani amo ya taso daga ƙasa, sai guntuwar murya ta gifta ta ɓace kafin ka gane me ta ce. Ganga ba ta shigowa sai an ja maka rai sosai. Wannan jinkiri shi ne aikin. Mu mun saba da waƙar da mawaƙi zai faɗa maka ƙarara ga wanda ake yabo, ga wadda ake so, ga abin da ya faru. Nan kuwa an bar maka fili, sai zuciya ta cika shi da abin da ta daɗe tana ɓoyewa. Shi ya sa mutum biyu za su saurara tare, ɗaya ya tuna mahaifiyarsa, ɗaya ya tuna wani gari da ya bari.

Ni abin ya fi kama ni a motar dare daga Legas zuwa Kano, lokacin da nake aiki a kudu. An kashe fitilun ciki, kowa ya yi shiru, wani tsoho a gefena ya rungume jakarsa yana gyangyaɗi, fitilun manyan motoci na haska fuskarsa suna wucewa. Sai kiɗan Second Sun na cikin kundin ya shigo kunnena, jita a hankali da kayan tsirkiya, kusan babu ganga. A nan na gane cewa a Legas ana kirana baƙo, a gida kuma an fara yi mini tarbar baƙo. Na daɗe ina jin haka, amma ban taɓa tsayawa na dube shi ba sai a daren.

Akwai kuma abin da kunne ke ɗauka ba tare da ka sani ba. Bonobo ya naɗi sautukan wuraren da ya ratsa ya cusa su cikin kiɗan: ƙarar lif a filin jirgin saman Hong Kong, ruwan sama a Seattle, injin busar da kaya a Atlanta, injin kwalekwale a New Orleans. Ba lallai ka iya tsamo su ɗaya bayan ɗaya ba, amma su ne ke hana kiɗan kwamfuta zama busasshe. Haka ya yi da muryoyi. A kiɗan Grains ya yanka tsohuwar muryar mawaƙin Amurka Pete Seeger gunduwa-gunduwa har ta koma kamar nishi. A Break Apart kuwa siririyar muryar da mutane da yawa ke ɗauka ta mace ce, ta namiji ce, Mike Milosh na ƙungiyar kiɗa ta Rhye.

Wanda na fi so ka ba lokaci shi ne Bambro Koyo Ganda. Ya yi shi ne da ƙungiyar Innov Gnawa, 'yan Maroko mazauna New York, ƙarƙashin Ma'alam Hassan Ben Jaafer mutumin birnin Fas na Maroko. Su Gnawa jikokin mutanen da aka kwasa ne daga wannan yanki namu na kudu da Sahara aka tsallaka da su arewa, yawanci a matsayin bayi, kuma har yau waƙoƙinsu na ambaton Bambara da Fulani da Hausa. Ƙarafan da suke kaɗawa da hannu 'yan'uwan sambani ne, amshin da suke yi kuwa duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa zai ji ya san shi. Ranar da na fara jin sa tsigar jikina ta tashi. Mutanen da aka raba da gida ɗaruruwan shekaru suna rera abin da suka riƙe, a cikin kundin da gaba ɗayansa zancen rabuwa da gida ne. An sa wannan kiɗa cikin takarar lambar yabon kiɗa ta Grammy, haka ma kundin kansa, kuma a ganina sun cancanta.

Gaskiya ba duk kundin ne mai sanyi ba. Outlier da Kerala da No Reason suna da bugu mai sauri, irin na wurin rawa, kuma ni No Reason bai taɓa shiga raina kamar sauran ba, don muryar Nick Murphy, wanda ya yi waƙa a ciki, ta cika wurin da na fi so a bar mini. Duk da haka ba na tsallake shi, saboda bayan wannan hayaniyar ne 7th Sevens da Figures suke sauke mutum a hankali.

Shawarata, kada ka saurare shi da lasifikar waya, don ƙasan sautin duk zai ɓace, kuma a nan nauyin yake. Nemi abin sawa a kunne mai kyau, ka sauke kundin gaba ɗaya saboda kada matsalar intanet ta yanke maka, ka bi shi daga farko zuwa ƙarshe yadda aka jera. Idan kana cikin sabon rashi, ka bi a sannu, don yana iya tono abin da ba ka shirya masa ba. In ka gama da shi kana son ƙari, nemi kundinsa Black Sands na 2010, wanda Andreya Triana ta yi waƙa a ciki. Ya fi wannan ɗumi, kuma kayan busa da na tsirkiya sun fi yawa.