Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan zakka da bashi

Salama gare ka ƙanena. Ka ce albashinka jika 60 ne, mai kanti yana binka bashi, tsohuwarka tana ƙauye wajen Mirriya tana jiran saƙo, kuma duk Lahadin da ba ka fitar da zakka ba sai ka ji kamar ka yi wa Allah sata. Kana so ka san wanne za ka fara.

Na daɗe ina riƙe da asusun ikilisiyarmu nan Damagaram, zan faɗa maka abin da na gani. Fara da mai kanti da tsohuwa. Kuɗin mai kanti ba naka ba ne, kyauta da kayan wani kuwa ba kyauta ba ce. Mutumin nan ya san kai Kirista ne, a garin da ba mu da yawa. In ya ga kana kauce wa ƙofar shagonsa, me zai ce game da Almasihu? Batun tsohuwa kuma Yesu da kansa ya yanke shi a Markus 7, inda ya tsawata wa masu ce wa iyayensu abin da za su ba su sun keɓe wa Allah. Bulus ma a 1 Timoti 5:8 bai sassauta wa wanda ya ƙi kula da danginsa ba.

Na san Malakai 3, inda aka ce hana zakka yi wa Allah sata ne, ita ce ke hana ka barci, don ita ake yawan karanta mana. Amma ka haɗa ta da Maimaitawar Shari'a 14:28-29. Zakkar nan hatsi ce, ana tara ta domin Lawiyawa (masu hidimar gidan Allah) da baƙi da marayu da gwauraye su ci su ƙoshi. A 2 Korintiyawa 8:12 kuwa an ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba. Masu wa'azin da ke cewa ka ci bashi ka "shuka" don Allah ya ninka maka, ka yi nesa da su. Na ga gidan da wannan ya raba.

Sai dai kada ka ɗauka na sallame ka. Fasto yana cin abinci, ana biyan wuta, ana gyaran rufi. Wanda ya ce sai ya samu zai bayar, in ya samu ma ba ya bayarwa. Wannan littafin asusu ne ya koya mini. Ware wani abu tun ranar da albashi ya shigo, ko dala ɗari ce kowane mako, kada ka tsallake. In bashi ya ƙare ka ƙara.

Kuma abin hannunka bai tsaya ga kuɗi ba. A garin nan jarkar ruwa a watan Afrilu ta fi sulalla daraja. Kana da babur, akwai tsofaffin da ba sa zuwa sujada don nisa. Lokacin yunwar 2005 abin da ya riƙe gidaje da yawa tiyar gero ce daga maƙwabci, ba wani babban taimako ba. Bayan ƙona majami'u a ranar 16 ga Janairun 2015, masu ɗaki ɗaya sun kwantar da iyalai, kuma wasu cikin waɗanda suka buɗe mana ƙofa Musulmi ne. Don haka in maƙwabcinka ya rasa na cefane, kada ka tsaya tambayar addininsa, kada kuma ka ba da labari a zumunta.

Gobe ka je wajen mai kanti, ku daidaita nawa za ka riƙa kawo masa duk ƙarshen wata. In kana jin nauyi, ka same ni bayan sujada mu je tare.