Tambaya da Amsa: Mun yi fim a Agege bisa amana, yanzu kamfani na neman takarda

TAMBAYA

Assalamu alaikum Barista. Ni matashi ne haifaffen Agege, sana'ata ɗaukar hoto da tace fim. Shekara 2 ke nan mu biyar muna yin wani shiri mai dogon zango da Hausa muna ɗorawa a YouTube, labarin zaman 'yan Arewa a Legas. Wani Alhaji mai kayan gwari a kasuwar Mile 12, aminin mahaifin ɗayanmu, shi ya ba mu kuɗin somawa. Ba mu rubuta komai ba, tunda duk 'yan unguwa ɗaya ne. To yanzu wani kamfani ya ce zai karɓi shirin ya sa a talabijin, amma sai mun kawo takardun da ke nuna namu ne. Tun daga ranar gaisuwa ta canza. Alhaji ya ce kuɗinsa ne, wanda ya rubuta labarin ya ce basirarsa ce, wanda aka buɗe tashar da imel ɗinsa kuwa ya daina ɗaga waya. Wani mutum a Ikeja ya ce in aka ba shi naira 300,000 zai yi wa fim ɗin rajista da sunan wanda ya fara biya, shi ke nan ya zama nasa. Barci ya ƙaurace mini. Kullum a rediyo ana cewa fim da waƙa suna ɗaga tattalin arzikin Legas, ni dai ban ga sun ɗaga ni ba. In biya mutumin nan kafin wani ya riga ni?

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka ba mutumin Ikeja ko kwabo, kuma kada ka sa hannu a kowace takarda a makon nan, ko da kamfanin ya ce gobe ƙofa za ta rufe. Zan dawo kansa. Bari in fara da abin da kake ji a rediyo, domin gaskiya ne.

A watan Afrilun 2014, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sake lissafin tattalin arzikin Najeriya, ya tashi kusan dala biliyan 510, fim da waƙa kuma suka ɗauki kimanin kashi 1.4 cikin 100. Amma kai ba ka buƙatar alƙaluman Abuja, domin kana gani da idonka. Tuna yini ɗaya na lokeshan. Direban danfon da kuka yi shata, matar da ta dafo muku shinkafa da wake a kula, telan da ya kwana yana haɗa rigar jaruma, mai ba da hayar janareto, mai gidan da kuka ɗauki aiki a tsakar gidansa, mai shayin da kuka tare wa ƙofa har ƙarfe biyun dare, duk sun koma gida da wani abu a aljihu. Kuɗin gwari ne ya taso daga Mile 12 ya ratsa hannu goma a Agege. Haka harkar nan take raya gari. Kuma abin da Legas ta fi ko'ina shi ne haɗa mutane. Mai ɗaukar sauti Bayarabe daga Surulere, ɗan kasuwa Ibo a Alaba ko Idumota, marubuci Bahaushe, kamfanin talla a Ikeja da ke neman muryar Hausa mai daɗi don ya sayar da sabulu a Sakkwato, duk tafiyar mota ɗaya ce tsakaninsu in gosulo ya yi sauƙi. A nan ake bikin karrama finafinan Afirka na AMVCA tun 2013, inda aka yi shekaru ana ware wa finafinan Hausa gurbi. A nan kwamitin bankuna ya zuba kuɗi ya gyara babban gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu, wanda aka gina don bikin al'adun Afirka na FESTAC na 1977. Banki ba ya zuba kuɗi inda bai hango riba ba.

To me ya sa kuɗin bai tsaya a hannunka ba? Saboda mai danfo da tela an sallame su ran nan, sun gama. Kai kuwa abin da za ka ci shekara da shekaru shi ne haƙƙin mallaka, shi kuma haƙƙi ba ya tashi daga hannu zuwa hannu sai da rubutu. Kamfanin nan ba faifai yake saye ba, izini yake saye, kuma yana so ya tabbata wanda ya ba shi izinin yana da hurumin bayarwa.

Nan ne na zo kan abin da ya dame ni, wanda kusan kowane mako sai wani namu ya shigo mini da shi ofis: wai neman a rubuta yarjejeniya tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne, ko rashin kunya. "Haba, ai mu 'yan gida ne." "Ai Alhaji ubanmu ne, ya za a yi in miƙa masa biro?" Wallahi wannan magana ta ci dukiyar Hausawan Ikko fiye da 'yan satar fasaha na kasuwa. Ɓarawon faifai ya kan ɗauki ribar wata uku. Rashin takarda kuwa shi ke sa a rasa cinikin gaba ɗaya, a rasa zumuncin a kai.

Ga yadda doka take, kuma ina so ka karanta wa sauran huɗun. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta ce sayar da haƙƙi dungurungum, ko ba wa mutum ɗaya izinin da ya keɓanta da shi, ba ya tabbata sai a rubuce. Izinin gama-gari ne kawai ake iya bayarwa da baki. Ma'ana, marubucinku da ya ba ku labari kuka ɗauka, ya yarje muku ku yi fim, amma labarin yana nan nasa. Mawaƙin da ya yi muku waƙar buɗe shiri kuka ba shi na cefane, waƙar tana nan tasa. Biyan kuɗi shi kaɗai ba ya mayar da haƙƙi. Shi kuma fim ɗin kansa, doka ta ɗauki mai shi a matsayin wanda ya tsara kuma ya ɗauki ɗawainiyar yin sa, sai fa in masu aikin sun rubuta wani abu dabam. To a cikinku wa ke nan? Alhaji zai ce ba don kuɗinsa ba da ba a kunna kyamara ba. Wanda ya nemo lokeshan ya tara 'yan wasa zai ce shi ne. Kowa yana da abin faɗa, kuma wannan ita ce matsalar. Lauyan kamfani idan ya ga mutum uku suna da abin faɗa a kan fim ɗaya, rufe fayil yake yi ya kira na gaba.

Na taɓa zama da wani furodusa da wani mawaƙi, 'yan layi ɗaya, tare suka yi makarantar allo. Mawaƙin ya yi waƙoƙi huɗu a wani fim, aka ba shi kuɗi a leda bayan sallar isha'i, aka yi musabaha. Shi furodusa a ransa ya saya, shi mawaƙi a ransa ya ba da aro. Babu maƙaryaci a cikinsu, kowa abin da ya fahimta ya riƙe. Bayan shekaru mawaƙin ya ba wani kamfanin rarraba waƙoƙi kayansa, na'urar YouTube mai gane sauti ta kama waƙoƙin a cikin fim, kuɗin talla ya fara karkata. Suna zaune a gabana, ɗaya yana kallon fanka, ɗaya yana murza hula a gwiwa, ba mai duban wani. Na tambaye su me ya hana su rubuta layi biyar ran da aka ba da ledar nan. Baki ɗaya suka ce kunya. Yau matansu ba sa shiga gidan juna.

Abin da mutanenmu ba sa lura da shi shi ne, takarda ba don yau ake yin ta ba, lokacin da kowa ke raye kuma ana dariya. Haƙƙin fim yana kai shekara 50 daga lokacin da aka fara sakin sa. Na rubutaccen labari da na waƙa yana kai shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Wa zai tuna abin da aka faɗa a shagon mai shayi bayan shekara 30? Alhaji zai rasu, kai ma za ka rasu, magada ne za su zauna, wasu marayu ne, ba su san amanar da ke tsakaninku ba. Na ga matar wani edita ta zo da filas a ƙulle a bakin mayafi, aikin mijinta na shekaru, tana tambaya ko 'ya'yanta suna da rabo. Ba ta da takarda ko ɗaya mai sunansa. Na rasa abin da zan ce mata.

Kuma abin mamaki, Alhajin da kuke jin nauyin miƙa wa biro, je ka kalle shi a Mile 12 idan tirela ta iso daga Kano. Yaronsa na tsaye da littafi, kwando nawa aka sauke, na wane ne, wa ya ɗauka bashi. Bai taɓa ɗaukar wannan cin fuska ba. Ku ne kuka raina sana'arku, kuka ɗauke ta wasa, shi ya sa kuka ga ba ta cancanci littafi ba. Abokan aikinku na Surulere ko ɗaukar yini ɗaya ne, da yawansu sai ɗan wasa ya sa hannu a takardar amincewa. Idan aka zo haɗin gwiwa, ku kawo harshe da labari da masu kallo tun daga Agege har Yamai, su kawo takarda, sai a wayi gari kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Sai mu koma muna cewa ana nuna mana bambanci. Wani lokacin ana nunawa, ban musa ba, amma sau da yawa mu muka shiga kasuwa hannu rabbana.

Yanzu mutumin Ikeja. Ɗan damfara ne, ko kuwa jahilin da ya sami teburi. Haƙƙin mallaka yana tabbata ne da zarar an yi aikin an adana shi, ba sai da rajista ba. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana karɓar rajista ta intanet, kai da kanka za ka iya cikewa, kuma amfaninta hujja ce ta cewa aikin yana nan kuma ga wanda ya ce nasa ne. Ba ta mayar da kayan mutum biyar na mutum ɗaya don ya riga sauran biya. In ka yi haka a ɓoye, ka sayi ƙara ne da kuɗinka, ka kuma zama kai ne maci amanar. Irinsu sun cika gari, suna cakuɗa wa yara abubuwa uku da ba su haɗu ba: rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, takardar hukumar tace finafinai, da haƙƙin mallaka. Ta farko suna take karewa, ta biyu izinin nunawa ce, babu wadda ta ce fim na wane ne. Su ne kuma za ka ji suna cewa suna da hanya a bashin gwamnati na masu fasaha. Babban Banki ya fito da irin wannan shiri a 2019, na kuma san wahalar da mutane suka sha da cike-cike da jeka-ka-dawo. Amma duk wahalar, abin da ake tambaya bai wuce wannan ba: ina kamfaninka, ina shaidar abin da ka mallaka.

Kotu kuwa ka cire ta daga ranka a yanzu. Shari'ar haƙƙin mallaka ta Babbar Kotun Tarayya ce, tana iya cin shekaru, kafin a gama 'yan kallonku sun koma wani shirin.

Ƙanena, mu da muke cewa rubutu rashin yarda ne, wace aya ce ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani? Ta 282 a suratul Baƙara, kuma a kan rubuta bashi ta sauka, da kafa shaidu, da kada a ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba. Muminai aka yi wa wannan umarni, mutanen da amanarsu ta fi tamu nesa ba kusa ba. To daga ina muka samo taƙawar da ta fi tasu? Wanda ya ce maka "ba ka yarda da ni ba ne?" ka ce masa na yarda da kai, mantuwa da mutuwa ne ban yarda da su ba. Mai gaskiya ba ya gudun biro. Kunyar da za ta sa a ci haƙƙin maraya gobe, ba kunyar da addini ya yaba ba ce.

Ga abin yi. Ku nemi dattijo guda da kowa ke jin nauyinsa, limamin unguwa ko wani daga fadar Sarkin Hausawan Agege, ku zauna ku shida har da Alhaji. Tambayar farko Alhaji za a yi wa, cikin ladabi: kuɗin nan rance ne, kyauta ce, ko hannun jari? Amsarsa a rubuta a wurin. Sannan a tsayar da kason kowa, a yi kamfani a CAC da sunayenku, marubuci da mawaƙi da 'yan wasa kowa ya sa hannu cewa ya miƙa wa kamfanin haƙƙinsa a kan kaza. Mawaƙin ya tambayi MCSN, ƙungiyar haƙƙin masu waƙa, yadda ake shiga, ku kuma ku tambayi AVRS, ta masu fim, su ne ke karɓo wa masu aiki kuɗin amfani da kayansu. Idan kun koma ga masu talabijin, ku ba da lasisi, kada ku sayar: shekara nawa, a waɗanne ƙasashe, kuma a rubuta ƙarara cewa YouTube yana hannunku. Lauyan da zai duba muku ya zama naku, ba nasu ba.

Shi kuma abokinka mai imel, ina kyautata zaton tsoro ne ya kama shi, yana ganin za a ƙwace tashar da ya sha wahala a kanta. Kada ka yi masa rubutu a Facebook, kada ka tura masa 'yan sanda. Ka je gidansu bayan la'asar ka gaida mahaifiyarsa, ka ce masa kasonsa na ɗawainiyar tashar za a fara rubutawa. YouTube yana da tsarin da ake ƙara masu kula da tasha ba tare da an ba kowa lambar sirri ba. Ranar zaman, a gaban dattijon, ya buɗe wayarsa ya ƙara mutum biyu, sannan a ɗauki hoton shafin kuɗin shiga a liƙa a bayan yarjejeniyar.