Tambaya da Amsa: Darasin inshorar lafiya a bakin mai barkwanci

TAMBAYA: Salam Anti. Ni ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ce a Zariya, ina cikin tsarin inshorar lafiya na NHIA amma wallahi ban taɓa gane kansa ba, in naje asibiti a ce sai an jira kod, in tambaya a amsa min da turancin da ban san inda ya dosa ba. Toh akwai wani a ofis ɗinmu ɗan barkwanci ne, lokacin cin abinci yake kwaikwayon masu bada kati da 'yan HMO muna ta dariya, kuma a bakinsa na fara fahimta. Maigidana yace harkar lafiya ba abin wasa bace, in daina sauraronsa. Dan Allah ya kike gani?

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yar uwa. Ki gaida maigida, amma ki tambaye shi ko ya taɓa leƙa wajen awon ciki da safe. Nas ce zata tsaya gaban mata tana waƙa ana tafi ana shewa, a cikin wannan raha ake koyar da cin abinci mai gina jiki da alamomin haɗari irin zubar jini da kumburin ƙafa, wadda ta haihu biyar kuma tana raɗa wa mai cikin fari abinda kunya ta hana ta tambaya. Asibiti da kansa da wasa yake koyarwa kenan.

Shi tsarin kuwa adashe ne, sai dai wanda ciwo ya kama shi yake ɗauka. Da NHIS ake ce masa, ya fara aiki a 2005, sai a 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar doka ya koma NHIA. HMO kamfani ne da yake tsakanin hukumar NHIA da asibiti. Asibitin da kika zaɓa ana biyansa wani kuɗi duk wata a kan sunanki ko kinje ko baki je ba, shi yasa zazzaɓi da ƙananan ciwuka basa buƙatar wani dogon zance, amma in abin ya kai ga tiyata ko ganin ƙwararren likita sai asibitin ya nemi izini daga HMO, wannan izinin shine kod ɗin da kike zaman jira. Magani kuma kashi 10 cikin 100 kike biya, in yana cikin jerin da aka amince dashi. Tsarin ya ɗauki ke da maigida da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kinga shi ma mai faɗan yana ciki.

Inda zan goyi bayan maigida guda ɗaya ne, ranar da ɗan barkwancin naku ya tashi daga bayanin layi da kati ya koma "ai nima haka naji, ga ƙwayar da na sha", toh nan ki tattara kwanonki ki tashi, hawan jininsa ba naki bane.

Ki ajiye lambar wayar HMO ɗinki, in kod ya makale ki kira su da kanki tun kina zaune a bencin, in basu kula ki ba ki kai ƙorafi ofishin NHIA na jiharku da katinki a hannu.