Tambayoyin Masu Karatu: An Yi wa Ƙanena Tiyata Yana Sume, Ba a Nemi Izininmu Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Jidda ce. Ƙanena direba ne, ya yi haɗari da daddare a hanyar Makka, motar agajin gaggawa ta kai shi asibiti ba ya cikin hayyacinsa. Kafin labari ya iso mana da asuba, har an shiga da shi tiyata an cire masa saifa, ba tare da ɗayanmu ya sa hannu ba. Baffanmu ya ce an keta mana haddi, mu kai ƙara. Shin likita yana da wannan hurumin? Daga wata mai karatu a Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Na fahimci ɓacin ran Baffa, domin ba ƙaramin abu ba ne mutum ya iso asibiti da asuba ya tarar da ɗansa kwance da ɗinki a ciki, an riga an raba shi da wani sashe na jikinsa. Amma bisa abin da kika bayyana, ina ganin likitocin sun yi abin da doka ta wajabta musu ne.

Asali dai jikin mutum nasa ne. Dokar aikin lafiya ta Saudiyya, wadda aka zartar a shekarar 2005, ta faɗa a sashe na 19 cewa ba a yi wa majiyyaci wani aiki sai da yardarsa, ko ta wakilinsa, ko ta waliyyinsa idan shi ba ya cikin halin da za a yi aiki da maganarsa. Tun kafin nan, a shekarar 1404 bayan Hijira, Majalisar Manyan Malamai ta ƙasar ta yanke cewa ba a yi wa baligi mai hankali tiyata sai da izininsa, namiji ne ko mace.

Sai dai wannan sashen na 19 ya ware yanayi guda, wato haɗari ko ciwon gaggawa da jinkiri zai iya jawo asarar rai, ko asarar wata gaɓa, ko wata mummunar illa, alhali babu halin samun mai ba da izini a kan lokaci. A irin wannan hali dole ne likita ya yi aikinsa ba tare da jira ba. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke nan Jidda ma ta tabbatar da haka a matsayarta mai lamba 67 ta shekarar 1992. Saifar da ta fashe tana zubar da jini ne a cikin ciki inda ido ba ya gani, kuma mutum yana iya cikawa cikin 'yan sa'o'i. Da likitan ya zauna jiran Baffa har gari ya waye, a nan ne zai zama abin tuhuma.

Iyakar wannan rangwame ita ce abin da nake so ki riƙe da kyau, domin malamai sun ce ana auna lalura ne gwargwadonta. Izinin ya tsaya ne a kan abin da zai ceto shi a wannan daren kawai. Da a ce likita ya buɗe cikin ya hangi wata matsala da za ta iya jira, ba shi da hurumin taɓa ta har sai mai jiki ya farfaɗo an tambaye shi. Haka kuma da zarar ƙanenki ya dawo hayyacinsa, magana ta koma hannunsa, kuma ko Baffa ba zai sa hannu a madadinsa ba, balle kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, wanda mutanenmu da yawa suke ɗauka waliyyi ne don kawai iƙama, wato takardar izinin zama, tana ƙarƙashinsa. Dokar ta kuma haramta gaggauta mutuwar majiyyacin da aka fidda rai da shi, ko da shi ko danginsa ne suka roƙa.

Shawarata ita ce ƙanenki ya nemi rahoton asibiti a rubuce, ku duba lokacin da aka karɓe shi, da halin da ya iso a ciki, da dalilin da ya sa aka zaɓi cire saifar. Idan bayanin bai gamsar da ku ba, ku kai koke ofishin kula da haƙƙin majiyyata na asibitin, ko ku kira Ma'aikatar Lafiya a lamba 937. Kada kuma ku manta ku tambayi likitansa batun alluran rigakafi, domin wanda aka cire wa saifa ya fi saurin kamuwa da ciwon huhu da sanƙarau, kuma duk zazzaɓin da ya taso masa a je asibiti a ranar.